Fulogi na Uku

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ban taɓa musu da masu wannan magana ba. Abin da ya jefa ni tune-tune a wannan tsufa nawa shiru ne. Garin Lafia dai bai yi shiru ba, Allah ya sani, okada da keke sun cika shi maƙil, kowane shago da lasifikarsa. Ni ne shirun ya kama. Kunnena na hagu ya mutu murus, na dama kuma likita ya ce yana bin sahun ɗan'uwansa, ya faɗa mini haka yana ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren rafi. Da na dawo daga asibitin ban shiga ɗaki ba. Na wuce gindin mangwaron tsakar gida, na yaye tamfol ɗin da ya rufe tsohuwar a-kori-kurar Oga, marigayi maigidana, na tsaya ina kallonta. Na ce a raina, kafin kunnen nan ya rufe, sai na sake jin muryar motar nan yadda take a da.

Mota ce ta zamanin da sitiyari ke hannun dama, tun kafin a sauya hannun tuƙi a ƙasar nan. Ta fi shekara ashirin a ajiye a kan bulo. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta, ɓeraye sun cinye wayoyinta, gishirin Awe da ta yi ta ɗauka a ƙuruciyarta ya huda bayanta har kana hango ƙasa ta ciki. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, a kan murfin injin take shanya agushi, tana cewa wannan ne kaɗai amfanin da ta taɓa gani a kishiyarta ta ƙarfe. Tun da ta rasu babu mai shanya komai a gidan. 'Ya'yana suna Abuja da Kaduna, suna kira a waya, ina amsa “i” da “to” ba don na ji duk abin da suka ce ba. Babban ne ya ji labarin aikin da na ɗauko, ya kira yana ihu don in ji.

“Baba, wannan akwalar ai sai 'yan gwangwan! Ka bari su zo su ɗauke ta, ka huta.”

Na ce masa, “Ran da suka zo ɗaukarta, ka ce su haɗa da ni, nauyin zai fi.”

Bai yi dariya ba. Yaran yanzu ba su san wasa ba sai an rubuta musu shi a waya.

Damina biyu na yi a kanta, ni kaɗai. Da safe in na idar da salla na sha koko, sai in shimfiɗa buhu in zube sifanu. Na sauke injin da igiya a reshen mangwaro, na wargaza shi a kan tabarma, na wanke kowane ƙarfe da kananzir a tsohuwar robar wanki, na jera su yadda aka koya mana, na dama a dama, na hagu a hagu. Ringi da fistin sai da na sa aka nemo mini a Jos wajen wani tsoho mai tara kayan da duniya ta manta. Gaskit ɗin da ban samu ba na yanka da hannuna, na ɗora takarda mai kauri a kan ƙarfen ina bubbuga bakinsa da ƙaramar guduma har zanen ya fito. Tsatsa na goge da samfefa har zanen yatsuna ya shafe. Lagireto na dafa shi da ruwan zafi sau uku kafin ya daina amayar da jar ƙasa. Wani lokacin in ina kwance a ƙarƙashinta sai in miƙa hannu gefe in ce “ba ni sifana sha uku”, sai kuma in tuna babu kowa, in rarrafo in ɗauka da kaina.

Garejin da na koyi aiki yana can inda yanzu aka gina jerin shagunan sayar da waya. A lokacin motocin garin ba su da yawa, kowace kuma da muryarta. Kana kwance a ɗaki ka san motar wane ce ta wuce, ka san ko mai ita ya sa mata baƙin mai ko yana mako. Da hantsi za ka ji jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, ka ji sakwara ana kirɓa ta a bayan katanga, ka ji mata masu gishiri suna ciniki da harsuna huɗu a lokaci ɗaya kuma babu wadda aka cuta. Yanzu motoci sun yi yawa, dukkansu kuma murya ɗaya gare su, wani sirrr kamar ta firji. Oga, maigidan da ya koya mana aiki, asalinsa mutumin Kano ne, gajere, mai saurin hannu da saurin fushi. Bai yarda da ido ba. In mota ta shigo, kafin a buɗe murfi sai ya ce kowa ya yi shiru, ya karkata kai ya lumshe ido. Yakan ce, “Kunne ya girmi kaka, ya kuma girmi sifana. Duk wanda ya kwance inji bai saurare shi ba, ɓarawo ne da izini.” An sha ba da labarin ran da yana alwala a masallacin bakin titi, wata babbar mota ta wuce, ya aika a tsayar da direban a ce masa fanbel ɗinsa ba zai kai Doma ba. Bai kai ɗin ba kuwa.

Mu biyu ne manyan yaransa, ni da Dogo. Dogo ɗan Tibi ne daga bakin Binuwai, Kirista, tsayinsa ya sa sai ya ranƙwafa yake shiga ɗakin kaya. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk “shi” ne a bakinsa, ga shi ba ya son magana, in zai yi kuma can ƙasa-ƙasa. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa ya laƙaba mini Rediyo. Kwano ɗaya muke ci. Ran Juma'a shi ke tsare gareji, ran Lahadi ni. Hannu dai ina da shi, ba yabon kai ba, kusoshin da suka gagari kowa ni ke kwance su. Amma kunne na Dogo ne. In yana sauraron inji yakan manta da mutane, leɓɓansa su riƙa motsi yana faɗa wa kansa abin da yake ji.

Wata rana da kaka, Oga ya ce ƙafarsa ta fara ciwo, ba zai ƙara tuƙa a-kori-kura zuwa Awe ɗauko gishiri ba, ɗayanmu zai ba mabuɗi. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Direba shi ke ganin gari, shi 'yan mata ke sani, shi ake ajiye wa doya a ƙauye. Na kwana ina juyi. Da safe Oga ya ce mu juya wa motar baya, muka ji yana taɓe-taɓe a cikin injin, sannan ya tayar da ita.

“To, ku faɗa mini ciwonta. Wanda ya waiwaya ya faɗi.”

Na kasa kunne iyakar ƙarfina. Na ji dai tana ɗingishi, amma ko meye, ko a ina, oho. Gumi ya karyo mini. Sai na ji Dogo a gefena, idonsa rufe, yana yi wa kansa raɗa kamar yadda ya saba: “Fulogi na uku bai ci wuta.” Bai ma san ya faɗa ba. Kafin ya buɗe ido na ɗaga murya yadda har masu shayi a tsallake suka ji.

“Oga, fulogi na uku ne ba ya cin wuta!”

Oga ya kashe motar. Ya dube ni, ya dubi Dogo, sannan ya cillo mini mabuɗi. Dogo ya sunkuya ya mayar da wayar fulogin, ya goge hannunsa a wando, da rana kuma ya kawo kwanonmu muka ci tare kamar kullum.

Na yi tuƙi, na ga gari. Na san kowane rami tsakanin Lafia da Awe, na san matan da ke dafa ruwan gishiri da sunayen 'ya'yansu, na ɗauko doya da riɗi daga Doma har ban san iyaka ba. Duk dawowar da zan yi, Dogo ne ke tarar motar a bakin gareji, ya karkata kai, ya ce, “Rediyo, ka sha masa wahala yau,” ya gyara abin da ban ma san ya lalace ba. Da Oga ya zo rasuwa, ya ce a bar mini motar. Gareji ya watse, Dogo ya koma Shabu yana noma yana gyaran injin niƙa. Ba mu yi faɗa ba, ko musu ba mu taɓa yi ba. Kunya ce kawai ta riƙa yi mini nauyi. In na hango tsayinsa a kasuwa sai in shige layin masu atamfa. Ran da matarsa ta mutu na je na zauna a bayan mutane, na tashi kafin ya iso wurina. Shabu nan kusa ce, in ka hau okada ko goro ba za ka gama ci ba ka isa, amma na mayar da ita kamar Makka. Daga baya na ji an ce idonsa ya tafi. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da harkata, na manta abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ran da na gama haɗa injin na ɗaura sabon batir, na murɗa mabuɗi. Ta yi tari, ta yi atishawa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, sannan ta kama. Na fito ina murna kamar an yi mini haihuwa. Amma murnar ba ta daɗe ba. Na ɗora tafin hannu a jikinta na ji tana karkarwa, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Mako biyu ina juya sukurun kafireto, gaba, baya, ina kara kunnen dama har zafin inji ya ƙona mini gefen fuska. Abin da nake ji bai wuce wani gurnani daga nesa ba. Wani bakanike mai babban gareji a bakin titi ya zo da na'urarsa a jaka, ya zagaya motar sau biyu yana leƙe, ya ce, “Baba, ina wurin jona kwamfuta?” Na ce a duba masa a jikin mangwaro. Da ya tafi na zauna a kan bulo na yi kuka, abin da ban yi ba tun ran jana'izar maiɗakina. Na san mutum ɗaya ne ya rage a ƙasar nan da zai iya saita ta, na kuma san abin da zan faɗa masa in na je.

Na sami Dogo a Shabu, a ƙarƙashin rumfa yana ɓare gyaɗa a tire, ya rame, tsayin nan duk ya tanƙware. Ban kai ga yin sallama ba ya ɗaga kai, bakinsa ya motsa. Na matsa na durƙusa na ce, “Ɗaga murya, Dogo, kunnena ya tafi.” Ya lalubo kafaɗata ya jawo kaina.

“Na ce, Rediyo, har yanzu kana jan ƙafa na hagu! Tun daga bakin hanya na ji ka.”

Ya yi dariya har gyaɗar ta zube. Bai tambaye ni ina na shiga shekara da shekaru ba, da ya tambaya da na fi jin sauƙi. Na ce masa na tayar da motar Oga amma ta ƙi zama. Sai ya kira 'yarsa, wata dattijuwa da na sani tun tana goye, ya ce ta kawo masa takalmi da sanda.

Ta ce, “Baba, ina za ka je da rana haka?”

“Aiki.”

A keke muka zo. Na riƙe hannunsa har gaban motar, ya saki sandar ya shafa ta tun daga fitila har ƙofa, ya tsaya a wata 'yar lotsawa da na bari ban cike ba. Ya ce da ƙarfi, “Saniya na hanyan Awe!” Haka ne kuwa, saniya ce ta yi ta. Ya ce in tayar, in bar ta ta yi zafi tukuna. Ya tsaya ya karkata kai, leɓɓansa suka fara motsi, sai na ga kamar jiya muka juya wa motar nan baya. Daga nan muka koma yadda muke a da, shi kunne ni hannu. Ya dafa kafaɗata, in ya matsa sau ɗaya in juya sukuru dama, in sau biyu in juya hagu. Ya sa na kashe na sassauta bawul biyu da na ɗaure fiye da kima, na sake tayarwa, muka koma kan kafireto. Har la'asar muna abu ɗaya. Can sai ya damƙe kafaɗata da ƙarfi ya riƙe. Na janye sukundireba. Karkarwar ta tsaya, kofin ruwan da na ajiye a kan taya ko motsi ba ya yi.

Na ga hawaye a idon da ba ya gani. Ya ce, “Shi ke nan. Muryan shi ke nan. Ka ji?”

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don na saba. Na miƙa hannu na kashe motar, na zaunar da shi a kan bulo, na zauna a gefensa ta inda kunnena mai rai zai fuskance shi.

“Ban ji ba, Dogo. Wancan karon ma ban ji ba. Fulogi na uku, a bakinka na tsinta. Mabuɗin nan naka ne, motar nan taka ce, na sani tun ranar. Abin da ya hana ni zuwa wurinka ke nan.”

Ya murza kan sandarsa. Sannan ya juyo.

“Saboda wannan ne? Ni na ɗauka ka zama babban mutum ne, ka gaji da ni.” Ya girgiza kai. “Rediyo, kai wawa ne tun da. Mutum da yana jin fanbel daga masallaci, shi ne ba zai ji magana na a kusa da shi ba? Oga ya ji. Da yamma ya kira ni, ya ce, Dogo, na ji ka. Amma hanya yana son mai baki, wanda zai yi surutu da ɗan sanda da mata masu gishiri. Kai kunnen ka na gareji ne, in ka tafi wa zai ji mani mota? Ni ma ban so tuƙi ba. Ina tsoron gada.”

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Shekara arba'in ina ɓuya a layin masu atamfa saboda abin da mutum uku suka sani, biyu daga ciki kuma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Maiɗakina ta mutu ba ta san dalilin da ya sa abokina bai zo sunan 'ya'yanmu na baya ba. Na ji haushin Oga, na ji haushin Dogo da shirunsa, amma haushin kaina ya fi.

Ya ce in sake tayar da ita in ba shi doguwar sukundireba. Ya lalubo kan injin ya kafa bakinta, ya jawo ni, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnena. Dabarar Oga ce ta neman ƙarar da ta ɓuya, na manta da ita sam. Sai ga ta nan a cikin kaina, tas, tana bugawa ɗaya bayan ɗaya, fulogi huɗu cif, babu mai ɗingishi. Muryar da ke tashe ni da asuba ina saurayi ce, ba ta canja ba. Na tsaya a haka har wuyana ya ƙage, Dogo yana riƙe da ƙarfen bai gaji ba.

Da rana ta yi sanyi na ce zan mayar da shi gida a cikinta. Na fito da ita daga tsakar gida a hankali, maƙwabta suka fito suna kallo, masu okada suna nuna sitiyarin suna dariya. Dogo yana zaune a hagu, ta gefen mataccen kunnena, gwiwoyinsa sun tokare gaba kamar da. Muna hawa titin Shabu na waiga na ga bakinsa yana motsi. Mutumin da bai iya haɗa magana goma a yini ba, yau ya ɓalle. Yana nuni da hannu, yana dariya, wani wurin ya yi shiru ya share ido ya ci gaba. Labarin shekara arba'in yake ba ni, na matarsa ne ko na 'ya'yansa ko na yadda duhu ya zo masa, ban sani ba. Injin yana gurnani a ƙasan ƙafata, ban ji ko kalma ɗaya ba, shi kuma ba ya ganin ban ji ba. Sau biyu na ce, “Haka ne, Dogo,” sai na ji kunyar bakina.

Na sauka gefen titi kusa da wata gonar rogo, na taka birki. Damina biyu na yi ina neman muryar motar nan, na sa hannu na kashe ta. Na fito na zagaya ta ɓangarensa, na buɗe ƙofar, na tsuguna a kan ciyawa na juya masa kunnen dama.

Ya ce, “Lafiya? Ya mutu ne?”

Na ce, “Lafiyarta lau. Faro mini daga farko, ka ɗaga murya.”